Sabunta Harshen Kwamfuta: Darasin Python ga 'Yan Kasuwa

Duk kamfanin da ke lissafin kaya ko biyan albashi da kwamfuta yana dogara ne da manhajar da aka rubuta da wani harshe na musamman. Masu kula da waɗannan harsuna kan fito da sabon bugu lokaci-lokaci, kuma abin da ya shafi aljihun mai kamfani shi ne ko sabon bugun zai ci gaba da gudanar da manhajar da aka rubuta da tsohon ba tare da an taɓa ta ba.

Harshen Python, wanda Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fito da shi a 1991, ya nuna irin tsadar rashin wannan jituwa. A watan Disamba na 2008 aka fito da Python 3, inda da gangan aka sauya wasu ƙa'idoji domin gyara kurakuran da suka daɗe a cikinsa.

Wasu sauye-sauyen kan sa tsohuwar manhaja ta tsaya cak, wanda ke da sauƙin ganowa. Mafi haɗari su ne waɗanda ba sa tsayar da ita. Alal misali, idan aka raba 7 gida biyu da alamar rabawa da aka saba, Python 2 kan ba da 3, ya watsar da ragowar, yayin da Python 3 ke ba da 3.5. Ke nan manhajar lissafi na iya ci gaba da aiki lami lafiya alhali adadin da take fitarwa ya sauya.

Haka kuma an sauya yadda harshen ke riƙe rubutu, abin da ya sauƙaƙa aiki da haruffa irin su ɓ, ɗ da ƙ, amma ya tilasta sake duba manhajojin da ke karanta fayiloli.

Saboda nauyin aikin, kamfanoni da dama sun yi ta jan ƙafa. An shirya daina kula da Python 2 a 2015, sai aka ɗaga wa'adin zuwa 1 ga Janairu, 2020. Daga nan masu harshen suka daina toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi ta cikinsa. Kamfanin Dropbox na Amurka ya fara sauya manhajarsa mai layi sama da miliyan ɗaya a 2015, bai bayyana kammalawa ba sai a 2018.

Wasu harsunan sun bi wata hanya dabam. A 2012 masu harshen Go na kamfanin Google suka yi alkawarin cewa manhajar da aka rubuta da Go 1 za ta ci gaba da aiki a bugunansa na gaba.

Don haka, kafin mai kamfani ya sa hannu a kwangilar manhaja, ya kamata ya tambayi bugun da za a yi amfani da shi, da ranar da za a daina kula da bugun, da kuma wanda zai biya kuɗin sauyi. In lokacin sauyin ya zo, a gudanar da tsohuwar manhaja da sabuwar tare a kan lissafi ɗaya, kada a ajiye tsohuwar sai adadinsu ya zo daidai.