Ƙotar Wuƙa Da Takobi A Kasuwar Maigatari: Farar Roba Mai Kama Da Haure, Ko Icce?

Mun saba kawo muku labarin gero da dawa da wake da riɗi, to yau za mu ɗan ratse zuwa layin maƙera da dukawa, domin akwai wata magana da take jawo gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma dillali ne yake kwana a ciki. Maganar kuwa ita ce ta ƙota, watau mariƙin wuƙa da takobi. Duk ranar Alhamis in kasuwar Maigatari ta cika, mutanen Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar suka haɗu da baƙinmu na Damagaram, za ka ga an baje wuƙaƙe iri biyu. Ga masu ƙotar icce irin wadda muka gada, ga kuma masu farar ƙota sumul tana sheƙi, wadda wani mai talla zai rantse maka ya ce hauren giwa ce. Tun ba ma in Babbar Salla ta gabato ba, lokacin da kowane mai gida yake neman wuƙar layya, masu hawan Salla kuma suna neman takobin ado.

Wannan gardama ba a kanmu aka fara ta ba. A ƙasar Amurka an daɗe ana yin ta a kan mariƙin ƙaramar bindigar nan da ake kira libarba. Wani mutum mai suna Samuel Colt ya sami takardar mallakar ƙirarta a 1836, kuma samfurin da kamfaninsa ya yi wa sojan Amurka a 1873 da mariƙin icce aka yi shi, wani icce mai ƙwari da suke kira walnat. Masu kuɗi da masu son a san da su, su ne sukan sa a yi musu da hauren giwa. Janar George Patton, wanda ya yi suna a yaƙin Hitila, an san shi da rataya libarba mai mariƙin haure. Yau masu sha'awar irin wannan a can farar roba suke sawa a madadinsa. Amma mu a nan kada kowa ya ruɗe. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku, ta sa libarba a kashi na farko, watau waɗanda aka haramta riƙewa sai da lasin daga shugaban ƙasa. Saboda haka ba hajar rumfa ba ce, kuma duk wanda ya kawo maka ita ko wani sashe nata ya ce ka nema masa mai saye, ka ce masa Allah ya ba da sa'a a gaba. Abin da ya shafe mu shi ne wuƙar mahauci, da wuƙar damtse, da takobin hawa.

To mene ne wannan farin abu? Asalinsa ƙarancin haure ne ya haife shi. Turawa suna da wani wasa da suke yi a kan tebur da sanda, ƙwallayensa kuwa da haure ake sassaƙa su. Da haure ya yi tsada, sai wani Ba'amurke mai suna John Wesley Hyatt, wajen shekarar 1870, ya haɗa audugar da aka sarrafa da ruwan asid da kafur, ya fitar da wata roba da ake kira seluloyid. Daga nan aka shiga yin mataji da maɓallai da ƙotar wuƙa da ita. Aibinta babba shi ne wuta, domin da ta ji garwashi sai ta kama ci bal-bal. Bayanta an fito da wasu robobin iri-iri waɗanda ake narkawa a zuba a mazubi, wani lokaci har a ja musu 'yan layuka a jiki don su yi kama da haure. Irin waɗannan ne suka fi yawa a kasuwa yanzu. Ban da su akwai ƙashin raƙumi ko na sa da ake gogewa ya yi fari, akwai kuma ƙaho.

Shi kuwa haure na gaskiya, kakanninmu sun yi fataucinsa. A ƙarni na 19 ayari yakan tashi daga Kano da haure da gashin jimina da jan kirgi, ya bi ta Damagaram da Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Wannan zamani ya wuce. A 1985 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 11 wadda ta hana fataucin namun dajin da suke neman ƙarewa, aka kuma ƙara mata tsanani a 2016. A 1989 ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES, wadda Nijeriya da Jumhuriyar Nijar duk suna cikinta, suka hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa. Ƙasar Sin, wadda ta kasance babbar mai saye, ta rufe kasuwar haure ta cikin gidanta a ƙarshen 2017. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta niƙe haure tan biyu da rabi a Abuja, wanda aka ƙwace daga hannun 'yan sumoga. Giwayen da suka rage mana a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne, daga cikinsu akwai na Yankari a Jihar Bauchi. Kuma tun kafin dokar Bature, waɗanda suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin a zaure sun san an ambaci karhancin amfani da haƙoran giwa, tare da cewa malamai sun yi saɓani a kai.

Don haka ga lissafin da muke so kowane dillali ya riƙe. In mutum ya miƙo maka wuƙa ya ce ƙotarta haure ce, ɗayan biyu ne. In ƙarya yake yi, to an sayar maka da roba a kuɗin haure, kai kuma ka kai wa mai gidanka algus. In kuwa gaskiya ya faɗa, to ya ɗora maka kayan da za su haɗa ka da kwastan. Mu da muke zaune a bakin iyaka ba sai an gaya mana abin da ake nufi da kamun kaya ba. Mun ga rufewar iyaka ta watan Agusta 2019, wadda ba a buɗe mana ba sai Disamba 2020, mun kuma san yadda ake zazzage buhu a shinge. Wanda ya harbi giwar yana can wata ƙasa, wanda aka kama da haurenta a jaka shi ne zai amsa tambaya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Yaya za a gane? Mu masu hatsi ba ma yarda da bakin buhu, sai mun zura hannu har ciki mun ji ko akwai tsakuwa ko ƙaiƙayi. Haka ita ma ƙota. Da farko ka dubi gindinta inda aka yanke. Hauren giwa yana da wasu siraran layuka da suke giciye da juna kamar saƙar raga, roba kuwa ko dai babu komai, ko kuma layukan sun tafi a jere kamar an ja su da mataji. Na biyu, ka bi gefenta da farce. In ka ji wani ɗan tudu siriri ya bi tsawonta, to nan ne bakin mazubi ya haɗu, roba ce. Wani lokaci ma za ka ga 'yan ƙananan ramuka na kumfa. Na uku, ƙashi yana da ɗigo-ɗigo baƙaƙe da 'yan tsage-tsage inda jijiyoyin jini suka bi, datti kuma yakan shiga ciki. Na huɗu, in mai kaya ya yarda, a ɗora allura a wuta a taɓa wurin da ba ya nunawa. Roba za ta narke ta yi wari, seluloyid zai yi ƙanshin kafur, ƙaho zai yi ƙaurin gashi, ƙashi da haure kuwa allura ba ta shiga. Sai dai a yi hattara da wannan gwaji, domin seluloyid yana iya kamawa. Mai kayan da ya ƙi a gwada, ya riga ya ba ka amsa.

Yanzu mu zo kan aiki, a ce kowa ya faɗi gaskiya, an kira roba da sunanta. Wacce ta fi? Farar roba tana da nata alherin. Gara ba ta cin ta, ba ta kumbura da damina, ba ta shan jini, kuma ruwa da sabulu sun ishe ta wanki. A ido kuwa, in aka haɗa ta da jan kube da zoben tagulla, babu mai musun kyanta. Amma santsin nan da yake jan ido shi ne haɗarinta. Hannun mahauci ba ya rabuwa da jini da kitse da gumi, kuma ƙota mai sulɓi tana iya zamewa hannu ya gangara kan kaifi. Ranar layya mutane da yawa da ba su saba fiɗa ba suke riƙe wuƙa, ga gaggawa, ga yara a kewaye. Ban da wannan, in ta faɗi a kan daɓe tana iya darewa, rana tana sa ta ja ta koma ruwan ƙwai, in aka bar ta kusa da tukuba tana lanƙwashewa. In ta fashe kuwa babu gyara, sai a sake wata. Kada a haɗa ta da robar nan mai kaushi da ake yi wa wuƙaƙen manyan mayanka, wannan don aiki aka yi ta, ba don ado ba.

Icce kuma ba duka ya zama ɗaya ba, kuma a nan ne ake cutar wanda bai sani ba. Kirya ita ce gaba, ita ake yin turmi da taɓarya da ita, gawayinta kuma shi maƙera suke so. Marke ma an san shi a ƙotar fartanya da gatari. Kanya tana da ƙwari da nauyi, gara ba ta cika damunta ba. Aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ita, tana yin laushi a hannu ba tare da sulɓi ba. Gawo kuwa ba shi da ƙwarin waɗannan, sai dai ana iya shafa masa baƙin mai ya yi kama da kirya, don haka a danna farce a gani, a kuma auna nauyi a tafin hannu. Madobiya tana da kyan ja, amma saboda yawan saranta da aka yi ana kai wa ƙasar Sin, tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da CITES take sa wa ido, mai niyyar fitar da ita waje sai ya san da haka.

Aibin icce shi ne ɗanye. In masassaƙi ya yi gaggawa ya sa wanda bai bushe ba, da iskar hunturu ta buso sai ya tsage, ko ya tsuke ƙarfen ya riƙa girgiɗi a ciki. Tsagar nan kuma takan riƙe jini ta yi ɗoyi. Maganinsa sauƙi gare shi: busasshen icce, a riƙa shafa masa man gyaɗa ko man kaɗanya, kada a bar shi kwance cikin ruwa. In ma ya lalace, kowane ƙauye daga nan har Sule Tankarkar akwai wanda zai sake maka wata kafin la'asar. Kuma ko roba ko icce, a duba wutsiyar ƙarfen da ta shiga cikin ƙotar. Wadda ta ratsa har gindi aka danne ta, ko aka kama ta da ƙusa biyu ko uku, ita ce mai ƙarko. Wadda aka ɗan tsoma aka liƙe da gam, ko da me aka yi ƙotar, ba za ta daɗe ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga shawararmu ga mai sarin kaya. Ka fara sanin wa za ka sayar wa. In mahauta ne da masu tsire da mafarauta da masu neman wuƙar layya, ka cika buhunka da mai ƙotar icce, domin su ne za su dawo maka baɗi. In masu hawa ne da 'yan rawa da masu sayen tsaraba, waɗanda takobinsu rataya ce kawai, farar roba ta wadatar, kuma ta fi haure kwanciyar hankali. Amma kada ka zuba jarinka duka a cikinta, domin kasuwarta ta lokacin Salla ce, in ta kwana a rumfa rana tana cin farinta, kuɗinta kuma yana sauka.

Ku kuma dillalai, la'adarku tana tafiya ne da sunanku. Malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mayar da kaya in ya ga aibin da aka rufe masa. Kafin a ce an sallama, a faɗa a gaban shaida: wannan roba ce, wannan ƙashin raƙumi ne, wannan kirya ce. Ribar da za a ci da sunan haure ta rana ɗaya ce, baƙon da ya taso daga Damagaram kuwa in ya gane an yi masa rufa-rufa, ba shi kaɗai zai ƙaurace wa rumfarka ba, har da duk wanda ya ba labari a hanya.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu daga kayan rigima. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu koma kan farashin riɗi da zoɓo. Wassalam.