Gani Ya Kori Ji? Darasi Daga Ziyarar Masana'anta

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Manyan kamfanoni sun san haka, shi ya sa da yawansu ke buɗe ƙofa ga iyaye da yara su zo su ga yadda ake aiki. Jagora zai zaga da baƙi, ya nuna musu injuna masu sheƙi, yana nanata cewa kamfanin na kula da muhalli. A wannan ɗan rubutu ina so in nuna cewa irin wannan ziyara makaranta ce, muddin iyaye sun koya wa yara auna kalmomin jagora.

Misali daga Jamus

A shekarar 2000 kamfanin motoci na Volkswagen ya buɗe wani katafaren wurin baƙi mai suna Autostadt kusa da masana'antarsa ta Wolfsburg. A 2001 kuma ya buɗe wata masana'anta a Dresden wadda bangonta na gilashi ne, domin kowa ya ga yadda ake haɗa mota. Saƙon a fili yake: ba mu ɓoye komai ba. Sai dai a wancan lokacin haɗawar ƙarshe kaɗai baƙo yake gani, domin gangar jikin motar daga Zwickau ake kawo ta a lokacin.

A Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin ya sanya wata manhaja a motocinsa masu amfani da dizal, waɗanda ya tallata da sunan "dizal mai tsafta". Manhajar tana gane lokacin gwaji, sai ta rage gurɓataccen hayaƙi. A kan titi kuwa, iskar nitrojin okisayid da wasu motocin ke fitarwa takan kai ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya ce motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya, kuma a 2017 ya amsa laifinsa a kotun Amurka. Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka fara ganin alamun, da suka gwada motocin a kan hanya. Bangon gilashi ba ya nuna abin da ke cikin manhaja.

Inda ɗalibin harshe ya shigo

A ganina, mu da muke nazarin nahawu muna da makamin da ake buƙata. Ga gine-ginen jimla huɗu da ya kamata yaro ya kasa wa kunne:

Na farko, kwatanci maras abin kwatantawa. Idan jagora ya ce "kayanmu sun fi tsafta", aikatau "fi" yana neman karɓau. Sun fi na wa?

Na biyu, boyayyen aikau. "An gwada ruwan da muke zubarwa." Wa ya gwada, ma'aikacin kamfanin ko wani daga waje?

Na uku, "ana iya". Robar da "ana iya sake sarrafa ta" daban take da wadda "aka sake sarrafawa". Ta farko yiwuwa ce, ta biyu aiki ne da ya faru.

Na huɗu, lokaci mai zuwa. "Za mu rage hayaƙi" alkawari ne. Sai a tambaya: nawa aka rage bara, kuma daga wace shekara aka fara ƙirga?

Kammalawa

Manufar ba ita ce a mai da yara masu zargin kowa ba, domin akwai kamfanonin da za su amsa waɗannan tambayoyi da alƙaluma. Abin nema shi ne yaro ya saba bambanta abin da aka nuna masa da abin da aka tabbatar masa. Iyaye su bar shi ya yi tambayar da bakinsa, cikin ladabi, har ya tambayi ina dattin masana'antar yake zuwa bayan ya fita ƙofar baya. Idan jagora ya kauce, wannan ma amsa ce. Matambayi dai ba ya ɓata.