Yadda Ake Shirya Bayan A-kori-kura Don Ɗaukar Kekunan Hawan Dutse

Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, mai karatu, nawa gemun ne ya kama, shi ya sa na ɗauki alƙalami. A hutun da ya gabata ni da abokaina uku muka shirya zuwa Tula daga nan Gombe domin mu yi yawo da kekuna a kan tsaunukan can. Kawuna ya ba mu aron motarsa Hilux da direba, mu kuwa muka jibga kekuna huɗu a baya, wani kan wani, kamar itacen girki. Kafin mu isa Kaltungo fedar wani keke ta shige cikin tayar wani ta karya wayoyi biyu, sannan ɗan ƙarfen da ke sauya giyar nawa ya lanƙwashe. Abin takaicin shi ne keken ba nawa ba ne, na aro ne. Kuɗin da aka ba ni na sayen littattafai su suka tafi wurin gyara, alhali ko dutse ɗaya ban hau ba.

Ni ba Bahaushe ba ne, da Tangale na buɗe baki, don haka sai da na zauna da masu gyaran keke kafin in tattara sunayen da zan yi amfani da su. Su "keke mai giya" kawai suke cewa, ni kuma na zaɓi "keken hawan dutse" saboda a bambanta shi da sauran. An soma wasa da irinsa ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, ya kuma shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu ta Gombe. Yawancin waɗanda ake gani a garin nan na hannu ne, wato kwatano. Ba kamar Rali ɗin kakanninmu ba ne da za a jefa a mota a ɗora masa buhun masara. Tayarsa mai kauri ce, faɗinta inci 2 zuwa 2 da rabi, kansa yana da faɗi ƙwarai, kuma masauyin giyar nan yana rataye ne a gefen dama na tayar baya, ƙaramin bugu ke lanƙwasa shi.

Abin da na koya shi ne motsi ke ɓata keke a mota. Hanyar Gombe zuwa Kumo, Billiri da Kaltungo doguwa ce, duk ramin da mota ta faɗa sai ƙarfe ya gogi ƙarfe. Saboda haka duk dabarar da za a yi, manufarta kada keke ya motsa, kada kuma ya taɓa ɗan'uwansa.

Kafin komai a auna bodin motar. Hilux mai ƙofa huɗu tsawon bayanta wajen mita 1 da rabi ne, babban keke mai taya inci 29 kuwa ya kusa mita 2. Ka ga ke nan ba zai shiga a miƙe a rufe ƙofar baya ba. Mai ƙofa biyu ita ce bayanta ya haura mita 2. Wannan awon shi zai nuna maka hanyar da za ka bi.

Hanya mafi sauƙi, wadda kuma ta fi dacewa da aljihun ɗalibi, ita ce rataya tayar gaba a kan ƙofar baya. A Turai da Amurka akwai shimfiɗa ta musamman da ake sayarwa don wannan aiki, amma tsohon soson katifa da aka naɗe da kafet ko bargo ya wadatar. A goge ƙurar ƙofar tukuna, musamman lokacin hunturu, domin ƙurar da ta maƙale tsakanin soso da fenti kankare shi take yi, mai mota kuma ba zai sake ba ka aro ba. A lulluɓe ƙofar ciki da waje, a ɗaure sosai, a rufe ta. Sai a ɗaga keke a tsallakar da tayar gaba waje, ta yadda ƙarfen jikinsa na ƙasa zai kwanta a kan soson, tayar baya kuma tana cikin bodi. A karkata kawunan kekunan duka gefe guda don kada su sarƙe. Kowane keke a ɗaure shi shi kaɗai. Robar da ake yankawa daga tsohon tub ta fi igiya a nan, don tana riƙewa ba ta cin fenti. Kekuna huɗu ko biyar suna shiga a haka. Sai dai a koma bayan mota a duba: tayoyin kada su rufe lamba ko fitilun baya, in ba haka ba za a sha bayani da jami'an kiyaye haɗurra, kada kuma wata taya ta sauko kusa da salansa, zafinsa yana lalata roba.

Ni dai hanya ta biyu na fi so, ko da yake sai an kashe ɗan kuɗi. Na je wurin wani dattijo kafinta a Jekadafari na zana masa abin da nake nufi a takarda. Ya duba ya ce, "Yaro, ai turken awaki kake so in yi wa kekuna." Na ce, "Haka ne Baba, amma kowace akuya da ɗakinta." Katakon da suke kira tu-bai-fo ya yi amfani da shi. Ya yanka dogaye biyu daidai faɗin bodin, ya shimfiɗa su a gicciye, ya bar tazarar kamar taƙi biyu tsakaninsu. A kansu ya kafa gajeru bibbiyu a tsaye kan gefensu, kowane biyu da rata tsakaninsu daidai kaurin taya. A cikin ratar nan ake cusa taya, keke ya tsaya da kansa.

Akwai wurare biyu da muka yi gardama. Na farko, shi ya so ya yi awo da ido, ni kuwa na kawo keken aka gwada, domin in ratar ta yi yawa keke zai riƙa lilo, in ta matse taya ba za ta shiga ba. Na biyu, ya so ya buga ƙusa, na roƙe shi ya sa noti, saboda jijjigar hanya tana zare ƙusa a hankali. A nan shi ma ya ƙara mini wata dabara da ban yi tunaninta ba: kada a huda motar mutane, a yi turken ya matse tsakanin bangon bodin biyu, sannan a ɗaure shi a ƙugiyoyin da ke jikin motar. In an gama tafiya sai a ɗage shi a jingine.

Ana ajiye turken ne can gaba, jikin kan mota. Da yake kan keken yana da faɗi, akan juya su, wannan ya fuskanci gaba, na kusa da shi ya fuskanci baya. Kowanne a ja shi da igiya biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, amma kada a danne shi har sifirin ɗin gaba ya nutse ƙasa gaba ɗaya. A gajeren bodi dole a bar ƙofar baya a buɗe tayoyi su zauna a kanta, don haka jaka da galan duk sai an ɗaure su.

Wani zai ce me zai hana a cire tayar gaba kawai? Ana yi, amma a kula. In birkin keken irin mai faranti ne da ke aiki da mai, aka matsa shi babu taya a ciki, takalman birkin za su haɗe, mayar da tayar ya zama aiki. A cusa ɗan kwali mai kauri tsakaninsu tun a gida. In kuwa keke ɗaya ne tak kuma dole a kwantar da shi, to a kwantar a gefen hagu bisa buhu ko tabarma, ɓangaren sarƙa yana sama. Wannan ne ban sani ba ranar da na yi asara.

Mun sake komawa bayan sati uku da turken Baba. Direba ya so mu zauna a baya mu riƙe kekunan, muka ƙi, muka shiga ciki, domin hawan Tula akwai kwana masu kaifi. A Kumo muka tsaya na girgiza kowane keke da hannu, na tarar igiya ɗaya ta yi sako-sako, sabuwar igiya kuwa dama takan miƙe in ta sha ja. Na ƙara ɗaure ta, na sake dubawa a Kaltungo kafin mu soma hawa. Da muka sauke su a Tula, na juya feda na bi giyar keken aron ɗaya bayan ɗaya, duk suka shiga.