Gawo, Makiyayar Ragunan Matamaye

A ƙasar Kance, inda garin Matamaye yake, daji ya kusa ƙarewa. Jama'a ta yi yawa, gona ta haɗe da gona, burtali ma sai ƙara tsukewa yake yi. Duk da haka da wuya ka shiga gida ba ka tarar da rago a turke ko awaki a bayan ɗaki ba, kuma da yawansu na mata ne. To, me dabbobin nan suke ci, alhali babu makiyaya?

Harawar wake da ta gyaɗa, dusa, karan dawa da ɗan kanwa, kowa ya san waɗannan. Abin da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba shi ne gawo.

Gawo itace ne mai saɓa wa ƴan'uwansa. Da damina, sa'ad da kowane itace ya yi kore, shi zubar da ganye yake yi, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen kuma ya zama taki. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, shi ya sa geron da ke gindinsa ya fi na fili ƙwari. Da rani sai ya yi ganye, ya zubo da ƴaƴa masu gina jiki daidai lokacin da rumbun harawa ya fara yin ƙasa. Yara su tsinto, a kai gida ko kasuwa. Ƙwayar da ke cikin kwanson tana da tauri. Idan ta bi ta cikin dabba ta fita a kashi, ta fi saurin tsirowa. Ragon da ya ci gawo, shi ke shuka wani.

A Sifaniya ma haka ake kiwata aladu, ana sakinsu ƙarƙashin itatuwa su ci ƴaƴan da suka zubo. Mu nan Musulmi ne, rago da akuya muke kiwo, amma dabarar ɗaya ce.

Wannan arziki na gawo ba daga sama ya faɗo ba. Bayan farin 1984, manoman Magarya, Matamaye da Mirya suka riƙa barin tsiron itace idan suna sassabe, abin da ake kira sassaben zamani. Binciken Mahamane Larwanou da Chris Reij na 2006 ya kiyasta cewa itatuwa sun dawo a kusan hekta miliyan ɗaya a yankunan nan uku, akasarinsu gawo.

Kuɗin ragon layya yana hawa yana sauka, musamman da faɗuwar naira ta rage masu saye daga Daura da Mai'aduwa. Wanda ke sayen abincin dabbobi duka a kasuwa shi ke fara jin jiki. Mai gawo goma a gonarsa yana da sauƙi. Abin da ke damuna shi ne masu shiga gonar mutane da dare su sassare rassa har itacen ya daina ƴaƴa. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi mallakar itacen da ya rena, sai dai a ƙauyuka da yawa mai gona har yanzu shi ke gadin gawonsa da kansa.