Yadda Za a Ƙara wa Tsohuwar Babbar Tocila Haske da Kuɗi Kaɗan

Gidaje da yawa ba su rasa wata babbar tocila ta ƙarfe, irin mai cin manyan batura biyu, uku ko huɗu, wadda aka jefa ƙasan akwati tun ranar da haskenta ya koma ja-ja, ko zaure ba ya cikawa. Yawancin irin waɗannan tociloli ba su cancanci bola ba. Abin da ya fi daraja a tocila gangar jikinta ce, ita kuwa ba ta tsufa da wuri. Maglite, wadda Anthony Maglica ya fito da ita a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1979, da alminiyam mai kauri aka yi ta, shi ya sa 'yan sanda da masu gadi suka rungume ta, kuma har yau akan sami 'yan shekara 30 da ke aiki. Inda zamani ya bar su a baya wuri biyu ne kawai: ƙwan da ke ba da haske, da hanyar da wuta ke bi daga batir zuwa ƙwan. Duka biyun kuwa gyaransu ba ya cin kuɗi sosai.

Tsohon ƙwai siririyar waya ce a cikin gilashi, wadda sai ta yi zafi jawur kafin ta haska. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin batir a zafi yake ƙarewa, ɗan abin da ya rage ne ido ke amfana da shi. Da lumen ake auna yawan haske, kuma irin wannan ƙwai ba ya wuce lumen 10 zuwa 15 a kan kowane wat ɗaya, alhali ƙwan LED mai kyau yana haura 100. Wannan tazara ta samo asali ne daga aikin Shuji Nakamura na kamfanin Nichia a Japan, wanda ya fitar da LED shuɗi mai ƙarfi a 1993, daga shi ne aka samu farin da muke gani yau. A 2014 aka ba shi kyautar Nobel tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Abin da ya shafi mai tsohuwar tocila a nan shi ne ana ƙera ƙwan LED mai gindi iri ɗaya da na tsohon, a zare wancan a zura wannan, ba yanka ba walda. Sai dai a tafi shago da tsohon ƙwan a hannu, kuma a ƙirga batura: biyu bolt 3 ke nan, uku 4.5, huɗu 6, dole abin da aka rubuta a jikin ƙwan ya dace da haka. LED kuma ta gefe ɗaya yake karɓar wuta. Idan an sa ya ƙi kamawa, kada a yi saurin cewa jabu ne, wasu tociloli a juye wutarsu take zuwa, kuma akwai ƙwan da aka yi domin su.

Amma kafin a kashe ko kwabo, a fara da wanki, domin sau da yawa dushewar tsohuwar tocila datti ne. Batir ɗaya bolt 1.5 kacal yake bayarwa, saboda haka 'yar tsatsa a kan sifirin ɗin gindi ko cikin makunni ta isa ta cinye wani kaso mai yawa. A goge wuraren da ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe da samfefa mai laushi har su yi ƙyalli, a ɗan ja sifirin ya riƙa danna batura da kyau. Farin garin da batir mai alkalin ke bari idan ya zubo, ruwan lemon tsami a jikin auduga yana narkar da shi, sannan a bari ya bushe sarai. Gilashin gaba idan ya yi dishi-dishi a sauya shi. Shi kuwa kaskon nan mai sheƙi da ke bayan ƙwai, don Allah kada a murje shi da tsumma: rufin da ke kansa siriri ne ƙwarai, gogewa ɗaya tana iya lalata shi har abada. A hure ƙurar kawai.

Batun batir ya fi kowanne buƙatar hankali. Batura masu araha irin su Tiger Head ba sa jure tsohon ƙwai, amma da LED sukan daɗe, tunda wutar da yake ja kaɗan ce. Wanda yake so ya huta da saye zai iya komawa batura masu caji na NiMH, masu bolt 1.2, har ma akwai kwanson roba mai girman babban batir da ake zura ƙananan AA a ciki. Inda haɗari yake shi ne batirin litiyam na 18650, wanda masu gyara kan ciro daga tsohon batirin kwamfuta. Guda ɗaya idan ya cika yana kai bolt 4.2, biyu a jere 8.4, nan take za su ƙona ƙwan da aka yi wa bolt 3. Ga shi kuma idan ledar jikinsa ta yage ya taɓa bangon ƙarfe, yana iya kamawa da wuta. Duk wanda zai bi wannan hanya ya nemi mai kariya a ciki, da caja ta ƙwarai, kuma ya sani cajin da 18650 na gaskiya yake riƙewa ba ya wuce wajen 3,500mAh. Wanda aka rubuta wa 9,900 ƙarya ce tsagwaronta.

Wani zai ce, me ya kawo wannan wahala, ga tocila mai caji nan birjik a kasuwa, ga kuma fitilar waya a aljihu? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Idan tocilar ta gwangwani ce mara kauri, tsatsa ta riga ta huda ta, ko makunninta ya karye babu na sauyi, sayen sabuwa ya fi. Amma yawancin masu arahar nan na roba ne, batirinsu a manne yake a ciki, ranar da ya daina riƙe caji tocilar gaba ɗaya ta tashi aiki. Sannan a garin da ake kwana uku ba a kawo wuta ba, mai caji ba ta da wata dabara, alhali tsohuwar ko a teburin mai shayi an sami batirinta. Fitilar waya kuwa ba ta da kaskon da zai tattara haske ya harba shi nesa. Ta isa neman takalmi a ɗaki, amma ba ta yi wa maigadi ko makiyayin da ke son ganin abin da ke motsi a ƙarshen garke komai ba.

Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne kwaɗayin lamba. LED mai ƙarfi sosai yana tara zafi a gindinsa, kuma ƙaramin ƙwan da aka zura a tsohon soket ba shi da isasshiyar hanyar fitar da shi, sai ya dushe ko ya mutu da wuri, musamman a tocilar roba. Idon mutum ma ba ya bin lissafi kai tsaye: sai an ninka haske kusan sau huɗu kafin ya ga kamar an ninka sau biyu. Don haka ƙwan wat 1 zuwa 3, mai ba da lumen 100 zuwa 200 ko sama kaɗan, ya riga ya ninka tsohon sau da yawa, ya kuma bar batura su daɗe. In an sami zaɓi, a ɗauki mai haske ɗan rawaya-rawaya maimakon fari fat mai shuɗi-shuɗi, domin a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya cika iska, farin kan dawo wa mai riƙe da tocilar a ido ya hana shi ganin gaba.