Gaskiya ko Jita-jita: Idan Ƙurar Nukiliya Ta Shiga Jikin Ma'aikaci

Ranar 6 ga Yunin 2017, a cibiyar binciken nukiliya ta Oarai da ke Japan, ledar da aka adana garin fulutoniyam a cikinta ta fashe a gaban ma'aikata biyar. Abin da ya biyo baya ya isa mu gwada wasu maganganu da muka saba ji.

Na'urar da ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji tana nuna komai

Aikinta auna tururin da ke bugun jiki daga waje. Shi kuwa tururin alfa da fulutoniyam ke fitarwa ko takarda ba ya hudawa, don haka idan ƙurar ta kwanta a huhu, na'urar ba ta san ana yi ba. Sai a goge cikin hanci a auna, a saka mutum ƙarƙashin babbar na'urar duba huhu, a riƙa tara fitsari da bayan gida.

Awon farko shi ne gaskiya

A ranar, awo ya nuna bekerel (ma'aunin ƙarfin tururi) 22,000 a huhun mutum ɗaya, labarin ya zaga duniya. Da aka kai ma'aikatan asibitin ƙwararru a Chiba aka sake wanke musu jiki, ba a ga fulutoniyam a huhun ba. Ashe ƙurar da ta manne a fata ce ta ruɗi na'urar. Fitsari da bayan gida ne suka tabbatar cewa kaɗan ya shiga jiki, aka ƙiyasta wa wanda abin ya fi shafa milisibet (ma'aunin tururin da jiki ya sha) 100 zuwa 200. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda ƙa'idar ma'aikaci milisibet 20 ce a shekara a matsakaici, amma dai bai kai abin da aka ji tsoro ba.

Me ya sa adadin farko ya fi zama a kunnuwa? Shi ke fitowa lokacin da hankali ya tashi. Na gaskiyar yakan ɗauki makonni, domin ana bin yadda jiki ke fitar da sinadarin, sannan a lissafa abin da zai jawo cikin shekara 50. Kafin nan jaridu sun koma wani labarin.

Madara ko manja na karya gubar

Mun gaji wannan daga dabarun gida, kuma da kyakkyawar niyya ake bayarwa. Sai dai ba sa fitar da komai. Maganin DTPA aka yi wa mutanen Oarai, wanda ke kama fulutoniyam a jini ya fitar da shi ta fitsari. Ƙwayar aidin ma da ake yawan ambata, ƙululun maƙogwaro kaɗai take karewa, shi ma daga aidin mai tururi.