Ranar Ziyara a Cibiyar Gyaran Hali

Tun kafin a buɗe ƙofa mata sun cika inuwar darbejiyar da ke gaban cibiyar, kowacce da kular abinci a gefenta. Iyaye mata ne suka fi yawa, sai matan aure, sai yayye. Maza ba su cika zuwa ba. Wani fushi ya hana shi, wani kunya, wani kuwa tunda ya biya kuɗin magani yana ganin ya sauke nauyi. Mai gadi kan buɗe kowace kula ya juya tuwon da cokali, don ƙwaya kan shigo cikin abinci, kuma ba kullum abokan banza ke kawo ta ba. Wani lokaci uwa ce da ta kasa jure magiyar ɗanta.

Ga wanda aka kawo cibiyar, makon farko shi ne na wuya. Wanda jikinsa ya saba da kodin ko tiramol, da zarar an yanke masa sai zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi, ga hamma ba barci. Shi ya sa ba a son dangi su gan shi a kwanakin nan, don tausayi kan sa su ce a ba su ɗansu. Bayan nan sai jiki ya lafa, a shiga zaman tattaunawa da ma'aikata, da sallah cikin jam'i, da ɗan koyon ɗinki ko aski.

Da yawa daga cikin waɗannan iyaye ba nan suka fara zuwa ba. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, musamman da yake tiramol kan sa mutum ya faɗi yana shure-shure, a ɗauka iskokai ne. Wasu sun kai 'ya'yansu gidan mari, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a 2019, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi tun 2018, bayan binciken BBC, amma duk matar da ke ƙarƙashin bishiyar nan ta san lungun da ake sayarwa a unguwarsu.

A ganina, babban aikin yana farawa ne ranar sallama. Yaro ya dawo ya yi ƙiba, ya yi haske, sai ya tarar Hajiya ta koma kwana da makullin ɗakinta a ɗaure a haɓar zani. Naira ɗari biyar ta ɓata, duk ido ya koma kansa. Ya yi barcin rana, a leƙa idonsa. Ba na ganin laifin gidan, don sun ga an sayar da keken ɗinki da wayar ƙanwa. Amma wanda ake zargi ko ya sha ko bai sha ba, wata rana zai ce to bari ya sha. Majalisarsa ta da kuwa tana nan bakin layi, kuma ita kaɗai ce ba ta yi masa gori.

Ɓangaren mata na cibiyar kusan fayau yake. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce, amma ita a ɗaka ake ɓoye ta, kada maganar aure ta lalace.

Abin da ma'aikatan ke nanata wa dangi kafin a tafi shi ne: komawa ruwa abu ne da ke faruwa, kuma ta fi haɗari bayan an daina, don jiki ya rage juriya, adadin da ya saba sha a da yana iya kashe shi. Idan kun ga alama, kada ku tsaya zagi ko ɓoyewa. Ku dawo da shi a ranar.